Mabiya dubu talatin, masu aika kuɗi ɗari biyu: ina matsalar take?

Wani ƙane da ke aiki a Jidda ya aiko mini da tambaya. Ya ce wani kamfanin asusun waya mai lasisi, irin wanda ake biyan kuɗi da shi a shago kuma a aika kuɗi ƙasashen waje, ya ɗauke shi ya kula da shafukansa na Hausa. Cikin wata huɗu ya tara mabiya kusan 30,000 a TikTok da Facebook, amma waɗanda suka buɗe asusu har suka aika kuɗi ta dalilinsa ba su kai 200 ba. Yanzu manajansa na son a ɗauko wani mai tashe a TikTok a yi rabon kyaututtuka, shi kuma hankalinsa bai kwanta ba. Yana tambaya ko ya yarda, in kuma bai yarda ba me zai yi.

Ƙanena, Allah ya sa wa aikin albarka. Ka roƙi manajanka ya dakata da maganar ɗan TikTok da rabon kyauta, ko da na wata biyu ne. Idanu ba su ne suka yi maka ƙaranci ba, ga su nan har dubu talatin. Ƙara musu wasu dubu talatin zai ba ka taron tsintsiya ba shara, kuma zai iya jawo maka abin da ya fi rashin ciniki muni, zan zo kansa.

Bari mu fara da sanin wanda kake gasa da shi. A ofis za a ce maka abokan hamayyarku su ne sauran manhajoji, irin su urpay ko STC Pay da ya koma banki. A wajen Balarabe haka ne. A wajen mutanenmu kuwa, wanda kake ƙwace wa ciniki shi ne mutumin unguwa da ake kai wa riyal a hannu, ya buga waya Kano ko Damagaram, kafin ka koma gida mahaifiyarka ta ce ta ga saƙo. Wannan harkar, wato hawala, ba tare da lasisi ba laifi ce a dokar ƙasar nan, kuma ranar da kuɗi suka salwanta ba inda mutum zai kai ƙara. Kowa ya san haka, amma ana ci gaba da zuwa. Dalili kuwa shi ne an san fuskarsa, an san gidan ubansa a can gida, yana ɗaga waya ƙarfe biyu na dare, kuma in wata bai ƙare ba yakan ce "bari in tura, ka kawo daga baya". Abin da yake sayarwa amana ce, kai kuma wata huɗu kana sayar da bidiyo mai ban dariya.

Kada ka ɓata lokaci wajen koya wa mutane cewa ana iya biya da waya. Saudiyya ta wuce nan. Babban bankin ƙasar, SAMA, ya sanar cewa kashi 70 cikin ɗari na cinikin yau da kullum a 2023 ba da takardar kuɗi aka biya ba, a 2024 kuma ya kai kashi 79, alhali kashi 70 ɗin sai a 2030 aka yi niyyar kaiwa tun farko. Tsohuwar da ke Shara Mansur a Makka ta san "kash ko shabaka", wato kuɗi a hannu ko kati, kamar yadda ta san sunanta. Taɓa katin banki na mada a baƙala, wato shagon unguwa, ba ya tsorata kowa, domin kana tsaye kana kallon mai shago. Fargabar tana farawa ne idan kuɗi za su ƙetare Bahar Maliya su tafi inda ido ba ya gani.

Yanzu ka buɗe ƙididdigar shafukanka ka duba ƙasashen da mabiyan suke. Ban gani ba, amma zan yi mamaki in mafi yawansu ba a Kano, Kaduna, Maraɗi da Yamai suke ba. Bidiyon Hausa ruwa ne, inda Hausawa suka fi yawa can yake gangarawa, kuma TikTok ba ruwansa da cewa asusunku sai mai iƙama, wato takardar izinin zama, da lambar wayar Saudiyya. Waɗannan mutanen ba za su taɓa zama kwastomominka ba. Suna da amfani ta wata fuskar, domin su ne masu karɓa, kuma sau da yawa mai karɓa ne ke cewa "Yaya, ka turo ta hanyar nan, ta fi sauri". Amma kada ka lissafa su cikin nasara.

Waɗanda ke cikin ƙasar ma ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne akasarin masu talla daga waje ke tuntuɓe. Akwai haifaffun Makka da Madina da Jidda, waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna. Suna jin Hausa, suna yin ta gauraye da Larabci, amma da yawansu ba sa karanta boko. Ka rubuta musu dogon bayani da haruffan boko, kamar ka rubuta a ruwa ne. Akwai waɗanda suka zo aiki da iƙama: direbobi, mata masu aikin gida, ma'aikatan asibiti, ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina. Waɗannan su ne ainihin kasuwarka, domin kowane ƙarshen wata akwai wanda ke jiransu a gida. Kuma tun daga Yulin 2024 hukuma ta fara wajabta biyan albashin masu aikin gida ta banki ko asusun waya ƙarƙashin tsarin Musaned, mataki-mataki. Ke nan mace mai aikin shagala da a da ake danƙa wa albashi a hannu, yanzu kuɗinta a waya suke sauka. Sauran kawai ta yarda ta danna "aika" maimakon ta cire ta kai wa mai hawala. Akwai alhazai da masu Umara, baƙin 'yan makonni, waɗanda ba su ne abin nema ba sai in kamfaninku na da wani tsari na musamman dominsu.

Sai kuma waɗanda ba su da takarda, kuma ni da kai mun san suna da yawa. Za su zo ƙasan bidiyonka su tambaya ko za su iya buɗewa. Ka gaya musu gaskiya cikin mutunci cewa ba zai yiwu ba. Kada ka kuskura, ko da wasa, ka nuna musu cewa su yi amfani da asusun wani. Mai asusun ne zai amsa tambaya ranar da aka ga kuɗin da suka fi ƙarfin albashinsa suna shige da fice, kai kuma da rubutunka a ƙasan bidiyo ka zama shaida a kan kanka da kan kamfaninka. Tausayi na iya jefa mutum cikin wannan ramin, shi ya sa na faɗa.

Maganar harshe. Ka yi da baki, fuska na kallon kyamara, a sa fassarar Larabci a ƙasa saboda haifaffun nan. Adadin kuɗi kuwa ka rubuta shi da lambobi tare da sunan kuɗin, kada ka dogara da faɗi. Ga dalili. Ɗan Nijar in ya ce dala, sefa biyar yake nufi, dala ashirin sefa ɗari ke nan, jika guda kuma sefa dubu. Ɗan Kano in ya ji dala, kuɗin Amurka ke zuwa masa a rai, tsofaffi kuma in suka ji jaka naira ɗari biyu suka sani. Kalma ɗaya a bidiyo guda, mutum uku su fahimci farashi uku. A tallan takalmi wannan abin dariya ne. A tallan kuɗi, wanda ya ga saɓanin abin da ya ji zai ce an cuce shi, kuma zai faɗa wa duk 'yan ɗakinsu. In kuna aikawa Nijar da Najeriya duka, ka raba bidiyon gida biyu, kowanne da muryar ɗan can.

To me za ka nuna? Ainihin aikawa, daga farko har ƙarshe, ba yanka. Hannu riƙe da waya, a sa riyal 500, a nuna kuɗin aiki, a nuna harajin kashi 15 da ke hawa kan kuɗin aikin, a nuna farashin canji, a nuna nawa ne zai sauka a can. Sannan a nuna ɗaya ɓangaren, wayar da ke Kano tana ƙarar alat, da agogo a gefe. Gani ya kori ji. Na san sashen zane na kamfani zai ce wannan ba shi da ƙyalli, sun fi son hoton iyali suna murmushi a kan kujera mai laushi. Ba wanda ya taɓa miƙa albashinsa saboda hoton murmushi.

A guji "kyauta ne" da "babu caji" in har akwai riba a ɓoye cikin farashin canji. Mutanenmu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, direban da kake ganin bai yi boko ba zai lissafa maka bambancin naira uku a kan kowane riyal kafin ka buɗe kalkuleta. Tambaya ɗaya yake da ita: in na ba da ɗari biyar, nawa za su karɓa? Ka amsa ta kai tsaye. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka duk motsin da za ka gani daga ɓangaren naira yake, musamman tun da aka sake ta a kasuwa a Yunin 2023. Don haka duk farashin da ka wallafa, ka sa masa rana da sa'a a jikin hoton, domin hoton zai ci gaba da yawo a WhatsApp bayan mako uku, wani ya zo da shi yana cewa kun yi ƙarya. Ka kuma bayyana tun farko cewa a Najeriya da naira ake biyan mai karɓa, kamar yadda Babban Bankin Najeriya ya tsara a farkon 2024. Wasu har yanzu suna zaton dala za a ba su.

Ranar da farashin mai hawala ya fi naku, kuma ranar za ta zo, kada ka yi musu. Ka ce haka ne, ga abin da bambancin ke saya maka: rasit, lambar bibiya, da ofishin da za ka kai ƙara, in bai biya ka ba ka wuce SAMA. Wanda ya ji ka amsa gaskiyar da ba ta yi maka daɗi ba, zai yarda da kai a kan wadda ta yi maka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a dakata da rabon kyauta. Na taɓa aiki da wani kamfani da ya yi irin wannan gab da azumi: bi shafinmu, ambaci abokai uku, ka ci kyauta. Mabiya suka yi ta ɓulɓulowa, ofis ana ta murna. Kafin kwana uku shafukan bogi sun fito da tambarinmu da sunanmu, an ƙara ɗigo ɗaya kawai. Aikinsu mai sauƙi ne, mu da kanmu muka tara musu jerin sunayen masu jiran kyauta a ƙasan sanarwar. Sai su bi mutum ta saƙon sirri da Hausa mai daɗi: "Hajiya barka, kin ci, yanzu za a turo miki lamba a waya, ki karanto mana don mu sa miki kuɗin." Wata baiwar Allah mai aikin gida ta karanta musu, aka kwashe abin da ta tara. Na saurari saƙon muryarta tana kuka, kuma sunan kamfaninmu take kira, domin a saninta mu ne muka yi mata magana. Wata da watanni bayan haka, duk bidiyon da muka sa sai wani ya rubuta "ɓarayi ne". Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma a cikin jama'ar da kowa ya san kowa, saran mutum ɗaya na korar ɗari.

Saboda haka, ko za a yi rabo ko ba za a yi ba, akwai jumlar da nake so ta zama kamar sallama a bakinka: ba ma tambayar lambar sirri, ba ma tambayar lambar da aka turo maka, ba ma cewa ka amince da wata buƙata a Nafath (manhajar gwamnati ta tantance mutum) ta waya, kuma ba ma fara yi wa kowa magana ta saƙon sirri. Ka faɗe ta a ƙarshen kowane bidiyo har mutane su gaji su riƙa ƙarasa maka. Ka nemi alamar tantancewa a shafukan. Lambar taimako ta zama guda ɗaya tak, wadda ke cikin manhajar. Kowace safiya ka bincika sunan kamfanin a TikTok da Facebook, ka kai rahoton duk na bogin da ka gani, ka kuma sanar da mabiya. Wannan aiki ne mai gundura, ba ya fitowa a rahoton wata, amma da shi ake riƙe kasuwa. Ka kuma sani gasar rabon kyauta irin wannan a nan sai da izini, ba abin da manaja zai yanke a kan kofin shayi ba ne.

Ƙasan bidiyo shi ne shagonka na gaskiya. Idan wani ya rubuta "kwana biyu kuɗina ba su isa ba", mutum ɗari na karantawa suna jiran su ga abin da za ka yi. Kada ka goge. Kada ka manna masa amsar nan ta inji, "muna ba da haƙuri bisa abin da ya faru". Ka amsa kamar mutum: "Malam, sannu da haƙuri. Kada ka rubuta lambar asusunka a nan. Shiga manhaja ka danna taimako, ka ba su lambar rasit, ni ma zan bi maganar." Ka bi ta ɗin. Idan kuɗin sun isa, ka dawo wurin ka ce an warware, ka roƙe shi ya tabbatar da bakinsa. Wannan 'yar musayar ta fi tallan riyal dubu. Amma tana bukatar ka samu mutum guda a sashen kula da kwastomomi da zai ɗaga wayarka, kuma in so samu ne mai jin Hausa. In da ni ne, kuɗin ɗan TikTok ɗin nan zan fara nema a ɗauki wannan ma'aikacin da su. Banza ne ka kira mace da Hausa, ta shigo da matsala a tare ta da Larabci ko Ingilishi.

Za a tambaye ka ko halal ne, musamman ladan da ake mayar wa mai saye. Kada ka zama mufti. Ka karɓo rubutacciyar amsa daga masu kula da shari'a na kamfanin ka karanta ta yadda take.

Game da mai tashen kuwa, kafin a yi maganar farashinsa a yi maganar doka. Tun Oktoban 2022 duk wanda zai yi talla a shafinsa na kansa a Saudiyya sai da lasisin Mawthooq, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku, kuma tun kafin nan hukuma ta hana waɗanda ba 'yan ƙasa ba yin tallan da ake biyansu a shafukansu ba tare da izini ba. Yawancin Hausawan da ke tashe a nan baƙi ne. Ka ba shi aikin, ka jefa shi cikin matsala, ka jefa kamfanin da SAMA ke sa wa ido. Ka kai sunansa sashen bin doka su duba, kuma ka riƙe amsarsu a rubuce. In a Najeriya yake zaune, to mabiyansa ma can suke, mun koma gidan jiya. Sannan ka tambayi kanka ko wanda aka sani da rawa da faɗan baki shi ne wanda dattijo zai miƙa wa albashinsa a kan maganarsa. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin da ake ba ajiya. Kwastoma na gaske, direba ko ma'aikaciyar jinya, wanda ya yarda da ransa a ɗauke shi a shafin kamfanin yana ba da labarin yadda ya aika kuɗin taki, ya fi nauyi. Ka samu yardarsa a rubuce, ka rufe lambobinsa a allo.

WhatsApp ne inda maganar kuɗi ke yawo a tsakaninmu, saboda haka ka yi gajerun bidiyo marasa nauyi da za a iya turawa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Amma kada ka kwashi lambobin mutane daga ƙungiya kana aika musu talla. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, wa'adin sassaucinta ya ƙare a Satumban 2024, kuma talla kai tsaye sai da yardar mai lamba. In za ka biya kuɗin talla a Facebook ko Snapchat, ka killace shi a Makka, Jidda, Madina da Riyad. Kada ka zaɓi masu amfani da Hausa a saitin harshe, domin wayoyin mutanenmu da Larabci ko Ingilishi ko Faransanci suke. Bar sallamar farko ta yi maka tankaɗe, wanda ba ya ji zai wuce.

Lokaci kuwa ka san shi: ƙarshen wata, gab da azumi, kafin sallar layya, farkon damina, komawar yara makaranta. Da azumi garin ba ya farkawa sai bayan tarawihi. Kuma muna gaban Kano da Yamai da awa biyu.

Abin da za ka kai wa manaja ranar Lahadi shi ne takarda mai layi biyar, ba yawan mabiya ba. Nawa suka danna linkinka, nawa suka sauke manhaja, nawa suka gama rajista, nawa suka aika na farko, nawa suka dawo suka aika na biyu cikin kwana 45. Ka nemi a ba ka linki ko lambar gayyata ta shafukan Hausa kaɗai don a iya ƙirgawa. Inda lambar ta faɗi warwas, nan ciwon yake. Sau da yawa za ka tarar a wajen rajista ne: mutum ya sauke, ya iso tantancewar Nafath ko adireshin ƙasa, ko layin wayarsa da sunan kafili yake, sai ya ajiye. Maganin wannan bidiyo ne na minti ɗaya da ke riƙe hannunsa mataki-mataki, ba ƙarin mabiya ba. Layi na biyar shi ne wanda na fi dubawa. Aikawar farko gwaji ce, yawanci da riyal hamsin ko ɗari ake yin ta a ga ko za ta isa. Wanda ya dawo da albashinsa a wata na gaba, shi ne ya bar mai hawala.

A ce kuɗin da aka ware wa ɗan TikTok riyal 10,000 ne. Ka ce a ba ka rabinsu na wata biyu ka gwada hanyar nan, sannan a raba abin da aka kashe da yawan waɗanda suka aika sau biyu, a ga nawa kowane mutum ɗaya ya ci. Kafin nan, ka roƙi sashen kula da kwastomomi su kira ashirin daga cikin ɗari biyun nan naka, ta layin kamfani kuma ba tare da tambayar wata lamba ba, su tambaye su abu biyu: wa ya gaya musu, kuma me ya kusa hana su. Ka turo mini abin da suka ce, mu duba tare.